Nazarin Jinsi da Saduwa a Fagen Ilmin Zamantakewa: Matsalar Manhaja da ta Harshe, Misali daga Abuja

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2022, a wajen taron Majalisar Ilmi ta Ƙasa da aka yi a Abuja, Ministan Ilmi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya umarci Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya da ta cire darussan da suka shafi saduwa daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, bisa hujjar cewa wannan tarbiyya ce da ta rataya a wuyan iyaye da malaman addini. Umarnin ya haifar da muhawara mai zafi, amma dukkanta ta tsaya ne a kan yara. Ba a cika tambayar matsayin wannan fanni a jami'a ba, inda ɗalibai baligai ne, kuma daga cikinsu ne ake samun jami'an jin daɗin jama'a da ma'aikatan ƙidaya da masu tsara manufofin lafiya. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da masana ilmin zamantakewa ke nufi da nazarin jinsi da saduwa, da irin ayyukan da aka riga aka yi a kan al'ummar Hausawa, sannan ta dubi matsalar kalmomin da za a koyar da fannin da su. An ɗauki Abuja a matsayin misali ne domin a can ake tsara manhaja da dokoki, kuma ita kanta fage ce ta nazari.

2.0 Ma'anar Fannin da Asalinsa

Likita yana duba saduwa ta fuskar gaɓoɓi da cuta, malamin fiƙihu kuma ta fuskar halas da haram. Shi kuwa masanin zamantakewa tambayarsa daban ce. Abin da yake so ya sani shi ne yadda al'umma ke tsara wannan ɓangare na rayuwa: wa ya dace ya auri wa, a wace shekara, wa ke da ikon cewa a'a, me ake ɓoyewa, wa ake hukuntawa idan an saɓa, wa kuma ake kawar wa kai. Ke nan fannin ba koyar da yadda ake saduwa ba ne, kamar yadda wasu ke zato da jin sunansa. Bincike ne a kan ƙa'idoji da iko da dukiya da mutunci.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana barin batun ga likitoci da masana halayyar ɗan'adam. Alfred Kinsey, wanda asalinsa masanin ƙwari ne a Jami'ar Indiyana, ya yi hira da dubban Amurkawa ya fitar da rahotanni biyu, na maza a 1948, na mata a 1953. Aikinsa ƙidaya ce, ya nuna tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke faɗa a bainar jama'a da abin da suke aikatawa. John Gagnon da William Simon (1973), waɗanda suka yi aiki a cibiyar da Kinsey ya kafa, su ne suka shigo da batun cikin ilmin zamantakewa sosai, da ra'ayinsu na cewa mutum koyo yake yi daga al'ummarsa yadda zai fahimci sha'awarsa, kamar yadda ɗan wasa ke koyon rawar da zai taka. Michel Foucault na Faransa (1976) ya ƙara da cewa hukumomi, wato asibiti da kotu da makaranta, ba hana magana a kan saduwa kawai suke yi ba, su ne ma ke ƙirƙiro sunaye da rukunonin da ake kasa mutane a cikinsu.

Dangane da Afirka kuwa, cutar ƙanjamau ce ta tilasta aka waiwayi batun. Caldwell da abokan aikinsa (1989) sun yi iƙirarin cewa akwai wani tsari guda na saduwa da ya game Afirka kudu da Sahara, wanda a cikinsa ba a ɗauki kamun kai da muhimmanci irin na Turai da Asiya ba. Masana da dama, ciki har da Ahlberg (1994), sun yi wa wannan ra'ayi raddi. Duk wanda ya san matsayin budurci da kunya da kulle a ƙasar Hausa zai ga cewa an yi wa nahiya guda kuɗin goro. Wannan muhawara ita ce babbar hujjar da ke nuna cewa idan 'yan ƙasa ba su yi nazarin kansu ba, wasu za su yi musu, kuma da sakamakon nasu za a tsara manufofi.

3.0 Abin da Aka Riga Aka Rubuta a Kan Hausawa

Ana yawan cewa Bahaushe ba ya magana a kan wannan al'amari. Maganar tana buƙatar gyara. Yaron da ya shiga makarantar zaure yana fara karatun littattafai ne da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kafin ya kai Risala, kuma tun a farkon waɗannan littattafai ake yi masa bayanin abin da ke wajabta wanka, da bambancin maniyyi da maziyyi, da hukuncin haila da biƙi. Malami yana fassara su da Hausa a gaban manya da yara ba tare da wani ya ce an yi batsa ba. Haka kuma alƙalai sun daɗe suna sauraron ƙarar matar da ta ce mijinta ba ya iya biya mata haƙƙinta na aure. Abin da Bahaushe ya ƙayyade shi ne wurin maganar da mai yin ta da kalmomin da za a yi ta da su. Uwa ba ta yi wa 'yarta, musamman 'yar fari, amma kaka ko gwaggo ko ƙawa tana yi. Wannan rabon aiki shi kansa abin nazari ne.

A ɓangaren boko, aikin farko da ya buɗe ƙofar cikin gida shi ne tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. A ciki an ga aure da saki da kishi da ƙawance ta idon mace, an kuma ga al'adar tsarance, wadda ta ba samari da 'yanmata damar kwana wuri guda bisa sharaɗin kada a kai ga saduwa, al'adar da malamai suka daɗe suna yaƙa har ta kau a mafi yawan wurare. Abner Cohen (1969) ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda mace kan fita daga aure ta shiga zaman kanta, sannan ta sake komawa aure ba tare da ƙofar ta rufe mata ba. Renée Pittin ta zurfafa wannan bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, inda ta duba gidajen mata da matsayin magajiya da dangantakarsu da hukuma. Abin da waɗannan ayyuka suka gano yana da muhimmanci ga masanin harshe: kalmar karuwa a wancan zamani ta fi faɗi a kan mai sayar da jikinta, domin takan haɗa da duk macen da ta isa aure, ta ƙi zama a ƙarƙashin miji ko uba. Fassara ta da kalmar Ingilishi guda ɗaya ya jawo kurakurai a rubuce-rubuce masu yawa.

Irin wannan kuskure ya shafi ɗan daudu. Rudolf Gaudio (2009), wanda ya yi bincikensa a Kano ta fuskar harshe, ya nuna cewa abin da ke sa a kira mutum da wannan suna shi ne ɗabi'un mata da yake nunawa a magana da tafiya da sana'a, kamar dafa abincin sayarwa, da gwanintar habaici da amfani da lamirin mace. Kalmar ba daidai take da ɗan luwaɗi ba, ko da yake akan sami inda suka haɗu, kuma da yawa daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya.

Sai kuma ayyukan da suka fito daga asibiti. Tahzib (1983) ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1969 da 1980, ya tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Likita zai iya ɗinke rauni, amma ba zai iya bayyana dalilin da ya sa yarinya ta kwana biyu tana naƙuda ba ta yi ƙara ba. Amsar tana cikin kunyar haihuwar fari, da jiran izinin maigida kafin a fita, da nisan asibiti, da ƙarancin shekarun aure, kamar yadda Lewis Wall (1998) ya bayyana. A nan ne ake ganin cewa fannin ba na nishaɗin masana ba ne. Daga baya Kathryn Rhine (2016) ta rubuta yadda mata masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Kano ke rufa wa kansu asiri da ado da neman aure.

Wani abin lura shi ne kusan dukkan waɗannan marubuta baƙi ne, kuma da Ingilishi suka yi rubutu. 'Yan gida sun yi magana, amma ta wata hanya. Ƙungiyar Mata a Nijeriya da aka kafa bayan wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982 ta tayar da batutuwan aure da aikin mata, kuma Ayesha Imam, wadda ta koyar a sashen ilmin zamantakewa na jami'ar, tana cikin jagororinta. Marubutan littattafan soyayya na Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da littafinta Wa Zai Auri Jahila?, sun tattauna auren dole da saki da Hausa tsantsa, a gaban masu karatu da suka ninka na kowace mujallar jami'a. Ɗalibin da ke neman sanin tunanin matasan shekarun 1990 zai fi samunsa a waɗannan littattafai.

4.0 Abuja: Mazaunin Manhaja da Doka

An ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta shekarar 1976, gwamnati kuma ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, tana da sashen ilmin zamantakewa. A Disamba 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon. A birnin ne kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take, wadda ke shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta koyar. Sabon tsarin da ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya riƙe kashi 70 cikin ɗari na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta.

A bisa al'adar sassan ilmin zamantakewa na ƙasar nan, batun saduwa a warwatse yake. Ana taɓa shi a darasin iyali da aure, da na ƙidayar jama'a, da na lafiya, da na matsayin mata, da na laifuffuka da kauce wa ƙa'ida. Illar wannan rarrabuwa ita ce ɗalibi yakan gamu da batun ne kullum a matsayin matsala, wato cuta ko laifi ko yawan haihuwa, ba ya ganin sa a matsayin wani ɓangare na zaman lafiyayyun mutane. Wancan kashi 30 da aka bari dama ce ta tattara shi wuri guda, idan an sami malaman da za su ɗauki nauyin.

Tarihin manhajar ƙananan makarantu ya nuna irin tsaiko da ake fuskanta. Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da shigar da ilmin saduwa cikin makarantu a 1999, lokacin da ƙanjamau ke yaɗuwa, har ƙiyasin masu ɗauke da ita ya kai kashi 5.8 cikin ɗari a 2001, shekarar da shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Da aka fitar da manhajar, shugabannin addinai biyu suka nuna rashin amincewa, sai aka rage abin da ke cikinta, aka sauya mata suna a 2003 ta koma ilmin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, aka kuma bar wa jihohi su daidaita ta da al'adunsu. Suna ne ya fara jawo rigima, sauya suna ne kuma ya kwantar da ita.

Ta fuskar doka, ɗalibin da ke Abuja yana zaune ne a inda tsare-tsare suka cakuɗe. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda da farko a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki kafin jihohi su karɓe ta, ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da namiji a cikin waɗanda ake iya yi wa, ta kuma haramta kaciyar mata. Dokar hana auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, kuma wani bincike da aka yi a Abuja aka buga a 2015 ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin mazan da dokar ta shafa. A gefe guda kuma akwai kotunan da ke yanke hukuncin aure da saki da gado bisa mazhabar Malikiyya. Aikin masanin zamantakewa shi ne ya auna tazarar da ke tsakanin rubutacciyar doka da rayuwa. Alal misali, binciken ƙidaya da lafiya na 2018 ya nuna matsakaicin shekarun auren fari na matan Nijeriya 19.1 ne, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai 17 ba.

Shi kansa birnin ya haifar da sababbin al'amura. Tsadar haya ta tura ma'aikata zuwa Nyanya da Kubwa da Mararaba, da yawansu sun bar iyali a garuruwansu, har mazauna birnin suka raɗa wa zaman dadiro suna auren Abuja. Kayan mata, waɗanda a da tsofaffi ke haɗa wa amarya a asirce, sun zama hajar da ake tallatawa a Instagram ga matan ƙabilu daban-daban. Akwai kuma batun kamen mata da dare. A Oktoba 2017 Kotun ECOWAS, wadda ke zama a Abuja, ta yanke hukunci a ƙarar da Dorothy Njemanze da wasu mata uku suka shigar, cewa kama su a titi da kiran su karuwai da jami'an gwamnati suka yi ya keta haƙƙinsu. Duk da haka an sake yin irin wannan samame a wuraren shaƙatawa a Afrilun 2019. Ba a kama mazan da ke tare da su ba. Wanda ya karanta Pittin zai gane cewa wannan tsohon labari ne, domin a Katsina ma akan kori mata masu zaman kansu ko a tilasta musu aure duk lokacin da aka shiga fari ko wata masifa.

5.0 Matsalar Kalmomi

Ingilishi yana da kalmomi uku da masana ke bambantawa: ɗaya ga halittar namiji da mace, ɗaya ga matsayin da al'umma ta ba kowannensu, ɗaya kuma ga sha'awa da yadda ake bayyana ta. A Hausa kalmar jinsi, wadda aka aro daga Larabci kuma manazarta nahawu suka daɗe suna amfani da ita, ita ake ɗora wa nauyin biyun farko, wani lokaci har da na ukun. Sakamakon haka, jimlar da ke cewa wancan halitta ne wannan kuma tarbiyya ce takan rasa ma'ana idan aka fassara ta. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya biya bukatar harshe da adabi, amma ilmin zamantakewa yana bukatar irin wannan hidima.

Ga aikin kansa kuwa, Hausa tana da matakai. Akwai kalmomin asali, waɗanda aka mayar na zagi, ba mai furta su a gaban surukinsa. Akwai na aro daga Larabci, kamar jima'i da farji da azzakari da al'aura, waɗanda zaure ya tsarkake su. Sai na sakayawa, kamar saduwa da kwanciya da tarawa da sanin namiji da gaba da ibadar aure. Kowane mataki yana ɗauke da hukunci a cikinsa. Mai binciken da ya ce ibadar aure ya fitar da marasa aure daga tambayarsa, wanda ya ce zina kuma ya riga ya yanke hukunci, ba mai amsa masa da gaskiya. Saduwa ita ce mafi kusa da tsaka-tsaki, amma tana da harshen damo, domin abokai ma suna saduwa a kasuwa.

An ga tasirin zaɓen kalma a aikace. Ƙayyade iyali ta gamu da turjiya domin tana nuna an sa wa ƙaddara iyaka, tazarar haihuwa kuwa ta sami karɓuwa saboda ta yi daidai da shayarwar shekara biyu da kuma tsohuwar ƙyamar da ake yi wa kwanika. Ita ma kalmar ƙanjamau daga rama ta samo asali, don haka mutane suka ɗauka mai ƙiba ba ya ɗauke da cutar. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya ba da shawarar a kira ƙwayar cutar karya-garkuwa, a bar ƙanjamau ga matakin da ciwo ya bayyana, a kuma ce mata masu zaman kansu maimakon karuwai. Shawara ce mai ma'ana, sai dai ta ƙarshen tana da nata rauni, domin bazawarar da ke sana'arta a ɗakin haya ita ma zaman kanta take yi.

Wannan matsala tana bin ɗalibi har fagen bincike. A aji da Ingilishi aka koya masa, takardar tambayoyinsa da Ingilishi aka amince da ita, amma a Zuba ko Dei-Dei da Hausa zai yi hira, sau da yawa da mutanen da Hausar ma ba harshensu na farko ba ne, kamar Gbagyi da Gwandara da Gade. Yakan yi fassara nan take, kowane mai tambaya da tasa kalmar, sannan a tattara amsoshin a lissafa su kamar tambaya guda aka yi. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 sun wajabta neman yardar wanda za a yi wa tambaya bayan an fahimtar da shi, kuma abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya sa jama'ar Arewa ba sa sakin jiki da takardar da aka ce su dangwala mata hannu. A gidan kulle kuma ba mai binciken da zai shiga sai mace, ita ma sai da izinin maigida, kuma sau da yawa uwar miji ko kishiya tana zaune a gefen tabarma har a gama hirar. Matar da aka tambaya shekarunta a ranar da ta fara sanin namiji, a irin wannan zama, amsar da za ta bayar ita ce shekarar da aka kai ta ɗakin miji, kuma wannan lamba ce za ta shiga rahoton da za a kai ofisoshin Abuja.